Itacen da Na So In Yanke a Gawo

Tun da na dawo daga Gawo ban sha shayi da kwanciyar hankali ba. Duk ranar kasuwar Mafara, da na zauna a teburin Na'Allah mai shayi sai wani ya matso. "Ummaru, wai da gaske ƙasar Mali kuka kai? Mi suke ci can?" Na ba da labarin har bakina ya gaji, kuma duk wanda ya ɗauke shi sai ya ƙara masa gishiri, har na ji ana cewa wai na ga kabarin zinari. Ban ga zinari ba. Ƙasa na gani, irin wadda nake kwaɓawa tun ina ɗan shekara goma. Shi ya sa na zauna in rubuta sau ɗaya in huta. Karatuna bai wuce aji huɗu ba, wanda ya ga kuskure ya gyara a ransa.

Ni magini ne, ɗan magini. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, shi ya gina masallacin unguwarmu a wani ƙauye gefen Bakura, da tubali da azara. Ni kuwa na daɗe da barin ginin ƙasa na koma bulo da siminti, don nan abinci yake. Masallacin ya tsufa. Bangon gabas ya tsage, rufin yana yoyo, rabonsa da yaɓe shekara shida. Sai Alhaji Labbo, wani ɗan garinmu da Allah ya buɗa wa a Kaduna, ya ce a rushe shi kafin damina zai gina na siminti da kwano. Ni aka ba aikin, rushewar da ginin duka, na kuwa karɓa. Ban ji komai ba, ko in ce ban tsaya na ji ba.

Limamin masallacin kawuna ne, Malam Bawa, ƙanen mahaifiyata. Yana wurin ranar da aka yanke maganar. Kwana biyu bayan nan ya aiko a kira ni, ya ce zai je Gawo ya gano abokin karatunsa, Alfa Idirisa, wanda suka zauna zaure ɗaya a Sakkwato suna samari, ni zan raka shi.

Na ce, "Kawu, ina da aiki a gabana."

Ya ce, "Rushewa ce. Ba ta son gwani, kuma ba inda za ta je. Ɗauko jakata da buta."

Haka muka kama hanya cikin zafin bazara. Daga Mafara zuwa Sakkwato ba labari, daga Sakkwato zuwa Illela ma haka, sai dai an cusa mu huɗu a kujerar mutum uku, buhun albasa a kan ƙafata. A bakin iyaka na fara jin kunya. Katin rigakafina na ninke shi na sa cikin hula don kada ya ɓace, zufa kuwa ta jiƙa shi har tawadar ta narke. Jami'in da ya karɓa ya ɗaga shi da yatsa biyu yana kallo, ya tambaye ni da Hausarsu ta can ko miya na dafa da shi. Ya shanya shi a kan tebur, ya ɗora dutse, ya ce mu jira. Muka jira har ya bushe sunana ya ɗan fito. Ya tambayi sana'ata, na ce gini. Ya ce to in yi wa katin rufi.

A Ƙonni muka hau doguwar mota zuwa Yamai. Abin da zan yaba wa mutanen Nijar shi ne, in an ce mota ƙarfe kaza za ta tashi, to ƙarfe kazan za ta tashi, ko ta cika ko ba ta cika ba. Ni da na saba da tasharmu na je neman goro a natse, sai ga Kawu yana buga gilashi da carbi, mota ta fara gangarawa. Na yi gudun da rabona da shi tun ina saurayi. Burodinsu kuwa dogo ne kamar ƙotar fartanya, bayansa da tauri. Na ce wa mai sayarwa na kwana uku ne, ta ce yanzu aka fiddo shi. Gaskiyarta ce, cikinsa da zafi.

A Yamai muka sauka gidan wasu 'yan albasa Hausawa kusa da kasuwa. Cikinsu akwai wani mutumin Gidan Goga, can wajenmu Zamfara, da ya shekara ashirin bai je gida ba. Ya riƙe hannuna yana tambayar mutane ɗaya bayan ɗaya, rabinsu sun rasu, rabin ban san su ba. Duk wanda ban sani ba sai in ce yana nan lafiya. Da muka fita Kawu ya ce in nemi gafarar Allah, don ya tabbata na raya matattu biyu ko uku.

Daga Yamai hanya ta bi gefen kogin Kwara ta yi arewa. Hausa ta fara ƙarewa a bakin mutane, sai Zabarmanci da Faransanci, na koma kurma. A nan Kawu ya buɗe bakinsa. Shi mutum ne mai son tarihi, yana da tsofaffin littattafai da gara ta ci gefensu. Ya ce duk ƙasar nan da muke ratsawa tun safe, da wadda za mu ratsa gobe, da wadda ke gaba har inda ake haƙo gishiri cikin hamada, a da duk a hannun sarki ɗaya take, sarkin Songhai, wanda ake wa laƙabi da Askiya. Ya ce kafin su daular Mali ce ke da ƙasar, masu zinari, kafin Mali kuma akwai wata. Kowace ta yi zamaninta ta kwanta.

Na ce, "Har mu ya mallaka?"

Ya ce, "Ya taɓo ƙasar Hausa. Amma sarkin Kabi ya ƙi shi, kuma ya zauna da ƙin."

Na ji daɗin wannan, ko da yake ni ba Bakabe ba ne. Maƙwabci dai maƙwabci ne.

Da muka shiga Mali na sake yin wata. Na duba wayata na ga azahar ta yi, na zuba wa Kawu ruwa a buta, na shimfiɗa masa darduma a gefen shagon da motar ta tsaya. Mutane suna kallonmu. Kawu ya ɗaga kai ya dubi rana, ya dubi inuwarsa, ya ce in naɗe. Ashe agogonsu yana bayan namu da awa guda. Ya ce, "Shekara arba'in kana aiki cikin rana, yau waya ce za ta faɗa maka inda take."

Muka isa Gawo muka sauka gidan Alfa Idirisa. Dogon tsoho ne siriri, idonsa ɗaya ya mutu. Da suka haɗu da Kawu suka riƙe hannun juna suka yi ta gaisuwa da Larabci, suna sakin hannu suna kai shi ƙirji suna sake kamawa. Mu Zamfarawa ana cewa mun cika dogon gaisuwa, to a zo Gawo a gani. Ni duk wanda ya yi mini magana sai in ce alhamdu lillahi, kuma ta wadatar. Ɗakin da aka sauke mu ba daɓe ba siminti, farin yashi ne aka zuba mai laushi, kullum da safe a tankaɗe shi a share. Da farko na ce talauci ne. Da na kwanta a kai bayana ya daina ciwo sai na janye maganata.

Abincin rana aka kawo shinkafa da wata miya baƙa ƙirin, kamar an kwashe ta daga gindin tukunyar da ta ƙone. Na ce wa Kawu a hankali, "Wagga miya ta kama." Ya ce in ci. Ashe ganye ne irin lalo, busasshe, da naman rago da man shanu. Na ci har na sa hannu a gefen Kawu. Bayan nan aka kafa shayi a ƙaramar buta. Na sha kofin farko, ɗaci kamar maɗaci, na yi godiya na miƙe. Kawu ya jawo bakin rigata. Sai an sha uku, kuma tsakanin kowane da na gaba akwai hira mai tsawo. Wanda ya tashi a na farko kamar ya ce gidan bai yi masa ba.

A wajen shayin nan na ji sauran labarin Askiya. Alfa yana faɗa da Larabci, Kawu yana juya mini. Ya ce ba ɗan sarki ba ne, shugaban yaƙi ne ya karɓi mulki. Da ya karɓa sai ya raba ƙasar yanki yanki ya sa wa kowane mai kula, ya naɗa alƙalai, ya sa mudu da ma'auni su zama iri ɗaya a kasuwanni. Wannan na mudu ya shige ni, don ko tsakanin Mafara da Maradun ba a rasa gardama a kan tiya. Ya ce yana tara malamai ya yi musu tambaya a kan abin da ya halatta gare shi da abin da bai halatta ba, sarki da kansa. Ya je hajji ta hamada da jama'a mai yawa. Da ya tsufa ya makance, ɗansa na cikinsa ya tuɓe shi. Bayan zamaninsa kuma rundunar Maroko ta ratso hamada da bindiga, lokacin nan mutanen Songhai ba su da ita. Suka koro garken shanu a gaba don su tattake baƙin, da shanun suka ji ƙarar bindiga sai suka juyo kan masu su.

Na ce, "Ai da sun tambayi Bafulatani ɗaya da ya faɗa musu."

Kawu ya juya wa Alfa, tsohon ya yi dariya har ya yi tari.

Washegari da hantsi aka kai mu kabarin Askiya, wanda ke nan cikin Gawo. Gini ne na ƙasa, ƙasansa da faɗi, yana tsukewa yana hawa bene bene har sama, tsayinsa ya kai doguwar giginya. Masallaci na jikinsa, ana salla a ciki har yau. An ce ya haura shekara ɗari biyar. Amma ni ba tsayin na fara gani ba. Abin da ya tsone mini ido shi ne itace. Ko'ina a jikin ginin sanduna ne suka fito waje, karkatattu, wata doguwa wata gajera, kamar bushiya. A wajenmu magini yana ɓoye azararsa cikin gini. In kan azara ya leƙo waje, an yanke shi an shafe, in ba haka ba a ce ba ka gama aiki ba. Mahaifina ya taɓa marina a kan wannan.

Na ce wa Kawu, da ƙarfi kuwa don na ɗauka ba mai ji, "Sarki guda, mai zinari, a rasa wanda zai gama masa aiki? Wanga magini ko a ƙauyenmu ba a sallamarsa. A ba ni zarto kwana biyu in share masa jiki."

Sai na ji an ce daga bayana, da Hausa tsaf, "Baƙo, kai magini ne?"

Wani gajeren tsoho ne zaune a inuwa, ƙafafunsa duk faso, hannunsa kamar bawon kuka. Daga baya na ji sunansa Baba Yahaya, daga gidan da suka gaji kula da ginin, ya yi shekaru yana aiki a Ƙonni da Maraɗi. Na ce eh, magini ne ni, ɗan magini.

Ya nuna wani wuri can sama inda yaɓe ya ɓamɓare. Ya ce, "To ga aiki can. In an ba ka ƙasa za ka iya liƙe shi?"

Na ce, "A kawo tsani."

"Babu."

"To a kafa katako."

"Babu. Hau dai ka duba mini girman ramin."

Na tsaya ina kallon bangon. Raina ya ɓaci, don na ga gwada ni yake gaban Kawu. Na tuɓe takalmi na matsa, na kama sandar da ke daidai kaina, na ɗora ƙafa a kan ta ƙasa. Ta riƙe ni. Na miƙa hannu, sai ga wata daidai inda hannun ya kai. Na ɗaga ƙafa, ga wata daidai inda ƙafar ke nema. Ban san lokacin da na kai wurin ba. Da na waiwayo na ga Kawu ya zama ƙarami a ƙasa, sai na gane. Wanda ya dasa itacen nan ya auna hannuna da ƙafata tun ba a haifi kakan kakana ba. Tsanin ne ya bari a jikin ginin, don ya san ƙasa ce, ruwa zai ci ta, dole wani ya hau.

Da na sauko Baba Yahaya ya ce, "A kawo zarton?"

Na ce a yi haƙuri. Ya ce ba komai, ya ji wadda ta fi wannan daga bakin masu karatu.

Allah ya sa zuwanmu ya dace da lokacin yaɓe, saura kwana huɗu. Kawu ya ce dacewa ce. Ni dai na san Alfa Idirisa yana da waya, Kawu ma yana da ita.

Ranar yaɓen ban taɓa ganin irinta ba. Tun da sassafe gari ya fito. An riga an jiƙa ƙasa ta kwana biyu tana ruɓa. Mata na ɗebo ruwa a kai, maza na miƙa ƙasa hannu zuwa hannu, masu kanti sun rufe kanti, wani ma'aikaci da na gani jiya da takalmi mai sheƙi yau ga shi da laka har wuya. Ba wanda aka ɗauka aiki. Ni aka ce in shiga ramin kwaɓi in taka. Shekarata hamsin da biyu, rabon da a sa ni taka ƙasa tun ban fara aske gemu ba. Na shiga ina ƙunƙuni. Can na ɗebi ƙasar na murza a hannu na ji ta yi ruwa, na ce wa na kusa da ni da hannu a ƙaro busasshiya da ƙaiƙayi. Baba Yahaya yana kallo. Ya zo ya murza shi ma, ya ce, "Fito. Hau."

Na hau na tsaya a kan sanda, ana jefo mini curin ƙasa ina cafewa ina marawa a bango ina shafewa da tafin hannu. Ba cokalin gini, hannu kawai, yadda mahaifina yake yi. Shekara goma sha biyar ban yi ba, amma hannun bai manta ba. Na dama da ni da na hagu da ni ba mu jin maganar juna, kuma ba mu buƙata. Kafin la'asar ginin ya koma sabo, shatin yatsun mutane duk a jikinsa, nawa a ciki.

Da muna wanke hannu na tambayi Baba Yahaya abin da ke cina. Na ce sarkin da ke da wannan dukiya, me ya hana shi gini da dutse ya huta? Ya ce mutanensu suna cewa a hanyar hajji ya ga gine-ginen Fir'auna a Masar, na dutse, ya dawo ya yi nasa da ƙasa. Ya ce shi bai sani ba ko haka ne, bai kuma san abin da ke ran sarki ba. Abin da ya sani, da na dutse ne da shi da ubansa da kakansa ba su da dalilin zuwa nan. Ya ce, "Daular ta tafi, bindigar da ta kashe ta ma ta tafi. Wannan kuwa kowane lokaci sai ya kira mu, mu kuma mu zo."

Kawu yana gefe yana jan carbi, ko kallona bai yi ba.

Dawowa ba wani labari, sai gajiya da ƙurar hanya da kumburin ƙafar Kawu. Mun iso gida ranar Laraba. Ranar Juma'a bayan an sauko na samu mai unguwa da wakilin Alhaji Labbo na ce ba zan rushe ba. Wakilin bai yi fushi ba, kuma abin da ya faɗa gaskiya ne. Ya ce, "Malam Ummaru, shekara shida kana wucewa ta gabansa ba ka ɗora masa hannu ba. Samari sun tafi haƙar zinari da acaɓa. Wa zai yaɓe shi? Kai kaɗai?" Na ce a ba ni Asabar ɗaya. In mutane ba su fito ba, ni zan fara sa diga. Mai unguwa ya ce ya yarda, amma in an yaɓe kuma ruwan farko ya kayar da bangon gabas, magana ta ƙare.

Na saro itacen ƙirya, na haƙa ramuka a jikin bangon na dasa su layi biyu, ina aunawa da hannuna da ƙafata. Mutane suka taru suna dariya. Na'Allah mai shayi, da yake ɗan unguwarmu ne, ya ce, "Ummaru ya tafi Mali ya dawo da bushiya." Na ci gaba da aikina, don ni na fara faɗar irin haka a Gawo.

Ranar Asabar ba gari ne ya fito ba, kada in yi ƙarya. Tsofaffi ne suka fi yawa, da matan da suka kawo ruwa, da wasu Fulani biyu daga ruga da suke salla a nan ranar kasuwa. Na'Allah ya zo kallo da butar shayinsa, ya ƙare a cikin ramin kwaɓi yana zagina. Mun ɗinke tsagar, mun yaɓe, mun gyara indararo. Bai yi kyan na Gawo ba. Alhaji Labbo da ya ji, ya ce a kai kuɗinsa a gina ajin islamiyya, aka kuma ba wani magini aikin, ba ni ba. Matata ta kwana uku ba ta yi mini magana mai daɗi ba, kuma ban ga laifinta ba.

Ruwan farko ya zo da iska ranar wata Litinin, ana sallar la'asar. Bangon gabas ya tsaya. Amma rufin ya ɗiga a wuri ɗaya, kuma bai zaɓi ko'ina ba sai daidai kan liman. Kawu ya idar da salla ruwa na sauka a rawaninsa, ya yi sallama, ya juyo ya nemo ni a sahu na biyu.

Ya ce, "Ummaru, ana kiranka."

Na fita na ɗebi ƙasa a kwano. Wani ya ce bari ya aro tsani gidan mai unguwa. Na ce ya bar shi, na tuɓe takalmi.